Yakuwar Inna a Saman Bene

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar taki, da sauƙi? Mu nan unguwar Adjamé lafiya lau, sai ruwan sama.

Irin yakuwar da kika aiko daga lambun marigayiya Inna ya iso. Na kafa rumfar leda a saman bene, na shuka shi a gwangwanayen madara. Na riƙa ba shi ruwa safe da yamma, yadda Inna take yi a Funtuwa, na manta cewa nan iskar ma a jiƙe take. Suna tsirowa sai gindinsu ya yi baƙi, su kwanta. Maƙwabciyata mai kayan miya a kasuwar Gouro ta hau ta duba, ta ce, "Tantie," haka suke kiran babbar mace a nan, "ai ke kika nutsar da su."

Bakwai suka rage, irin kuma ya ƙare. In na rufe ledar, zafi ya dafa su, in na buɗe, ruwa ya sauko ya doke su. Sati uku ke nan ban wuce ƙofar gida ba, kullum idona na kan hadari. Ko sunan jikar Hajiya Mairo a unguwar Treichville ban je ba, har ta yi fushi. Maigida ya ce in saya a kasuwa in huta. Ta kasuwa ba ta Inna ba ce.

Ki sa mu a addu'a, ni da bakwai ɗin nan. Ki gai da Gwaggo Ladi. In ta tambayi yakuwar, ki ce mata tana nan.

Ƙanwarki,
Bilkisu