Ƙanƙarar Gabashin Tafki

Yaya Darhan,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Anti Saule da 'yata Inkar.

Ka san tun shigowar sanyi nake kai 'yan ajina wasan zamiya a kan ƙanƙarar tafki. A can muke lissafin gudu da tazara, su koma aji su rubuta insha'i. Makon jiya muka auna kaurin ƙanƙara. Ko'ina ta kai kamu biyu, sai gabas, bayan majemar da kake shugabanta: yatsu huɗu kacal, ga ta ruwan ɗorawa. Muka ɓalli guntu muka narkar a kwalba. Yaya, wari sai da muka buɗe tagogi. Har da gashi da kitse. Togjan, ƙaramarsu, ta yi amai. Ina jin bututun dattin majemarku ne ya fashe ba ku sani ba. A duba.

Ƙanwarka,
Akmaral

Akmaral,

Bayan gaisuwa, saƙonki ya iso. Babu abin da ya fashe, takardunmu cikakku ne. Mutum tamanin ke ci a majemar nan, rabinsu iyayen ɗalibanki. Ki koyar da lissafi a allo yadda aka koya mana, ki zubar da kwalbar. Ki gaida Mama.

Darhan

Yaya,

Ina gaisuwa, don haka aka rene mu.

Jiya Anti Saule ta kawo wa Mama baursak, fanken nan namu. Muna shan shayi na tambaye ta me ya sa Inkar ta daina zamiya. Ta ce ai tun bara ka ƙwace takalman zamiyarta, ka ce kada ka ƙara ganinta a tafkin nan. Tun bara, Yaya. 'Ya'yan mutane ashirin da shida nake kaiwa can, suna faɗuwa, suna tsotsar ƙanƙara, kana hangen mu ta tagar ofis, har hannu kake ɗago mana.

Na daina kai su. Littattafan awon kuma kowa ya tafi da nasa gida, iyaye sun gani.

Akmaral

Akmaral,

Kin kyauta. Kada ki sake rubuto mini.

Darhan

Yaya,

Gaisuwa. Wannan ce ta ƙarshe. Inkar ta zo ajina yau, ta ce in nuna mata kwalbar. Ta sunsuna, sannan ta tambaye ni ko babanta ya sani. Na ce ta tambaye ka. Ta taho wurinka.

Ka huta lafiya.
Akmaral