Gogen da aka sa wa aljanu

Madarunfa, daren Laraba

Yau aka raɗa wa jikata suna, Rabi, sunan mahaifiyata. Murna ta hana ni zama wuri ɗaya.

Bayan la'asar ɗana Hamisu ya kunna mana wani fim na Kirista a wayarsa, a garin Ɗan Issa ya samo shi, an juya shi da Hausa. Annabi Isa ne yake fitar da aljanu daga jikin wani mutum. Amma duk sanda aljanun za su yi magana sai a saki goge, irin na bori sak.

Maƙwabcina Nomau, mai gogen bori, yana gefena. Shi ya kawo mana itacen girki da amalankensa. Ya ce, "Malam Idi, ashe har can an san mu?" Aka yi dariya, ban da shi. Ya tashi bai jira tuwo ba.

Ɗan karatun da na yi bai kai ni littafin Kiristoci ba, amma ban yarda akwai goge a ciki ba. Wani ne ya ƙara shi a fim ɗin, kuma ya san wanda yake nufi. Hamisu ya ce, "Baba, fim ne kawai." Anya?

Gobe in an raba naman suna, ni da kaina zan kai wa Nomau cinya.