Faifan da Na Zura Daga Ƙasan Bene

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya ciwon gwiwar? Ka gaishe min da Umma, ka ce mata ina cin abinci, ta daina aiko min da faɗa ta bakin duk wanda zai zo.

Na karanta nasiharka sau uku. Ka ce in yi haƙuri in koma teburin karɓar baƙi kamar yadda Manaja yake so. Baba, ka yafe min, ba zan koma ba. Shekara bakwai ina kula da kwamfutocin kamfanin nan. Haɗarin mota ƙafafuna ya karɓe, bai taɓa kaina ba.

Hujjar Manaja ita ce saba, wato babbar kwamfutar da duk aikinmu yake cikinta, tana hawa na uku, ni kuwa kekena ba ya hawa matakala. Abin da ya ƙi ganewa shi ne tun kafin haɗarin na jona mata wani ɗan akwati, KVM sunansa. Daga ofishina na ƙasa ina ganin allonta a laftof ɗina, ina danna mata komai kamar ina gabanta. Har faifai nake zura mata. Fayil ne kawai a laftof ɗina, akwatin ke sa ta ɗauka faifan gaske aka sa mata. Sharaɗin ɗaya ne, kada a rufe laftof ɗin, don da an rufe faifan ya fice.

Ranar Talata sabar ta ƙi tashi. Na zura faifan, na fara ɗora mata manhaja daga farko. Awa uku ina gadi, ko ruwa ban kurɓa ba. Saura ƙiris sai ga Manaja da takardar canjin wuri. Da ya ga idona na kan allo, sai ya miƙo hannu ya rufe laftof ɗin, wai in dube shi idan yana magana. Aikin awa uku ya bi iska. Na sake sabon lale, na gama bayan la'asar, amma ya riga ya rubuta wa shugabanni cewa akwatin ba abin dogaro ba ne, cire shi zai yi. Ba zan ɓoye maka ba, na shiga banɗaki na yi kuka. Takardar dai ban sa mata hannu ba.

Taka har kullum,
Auta

Babana na kaina,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Umma. Da fatan gwiwar ta yi sauƙi.

Jiya da safe Manaja ya hau sama da kansa don cire akwatin. Bayan sabar wayoyi ne cunkus, duk baƙaƙe, shi kuma bai taɓa leƙa wurin ba. Ya fizge wayar akwatin, ya haɗa da wayar wutar sabar. Da ya mayar da wutar ta ƙi tashi, sai an zura mata faifan gyara. Aiki ya tsaya cik, direbobi sun cika tsakar gida suna jiran takardun kaya, shugabanni suna ta bugo waya.

Sai ya zo min da masu gadi biyu, wai su ciccibe ni da keken zuwa sama. Mutanen kirki ne, sun kasa ma haɗa ido da ni. Na gaya masa a gaban kowa cewa ni ba buhu ba ce, babu mai ɗaga ni. A sake jona min akwatina in yi aikina daga inda nake, ko kuwa ya kore ni yanzu ya gyara da kansa. Kuma Baba, na san zai iya korata. Ya daɗe a tsaye yana kallon direbobin nan ta taga.

Daga ƙarshe ya naɗe hannun riga ya hau. A ɗakin saba waya ba ta kamawa, saboda haka duk ramin da ya soka wayar akwatin sai ya sauko ya tambaye ni ko hoto ya fito a laftof ɗina. Sawu biyar ya yi kafin ya dace. Na zura faifan, cikin minti ashirin sabar ta tashi.

Da yamma babban shugaba ya kira ni, ya tambayi abin da nake buƙata. Na ce akwati na biyu, da makulli a ƙofar ofishina. Yau kafinta ya zo.

Ka ci gaba da sa min albarka, ko da ban ji maganarka ba.

'Yarka mai taurin kai,
Auta