Ganyen Sabara Bai Iso Ba

Madinat Nasr, Alƙahira
9 ga Satumba, 2013

Gwaggo Hauwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ya Baffa da mutan gida?

Lafiyata ƙalau, kada ki biye wa rediyo kan rikicin da ake yi a nan. Fitar ce dai ta yi wuya, daga ɗaki sai makaranta.

Ganyen sabarar da kika busar kika aiko min, wata biyar ke nan bai iso ba. Kullum na je gidan waya sai a ce, "Ma'alish, gobe," wato in yi haƙuri sai gobe. Malamina kuma ya ce ba zai sa hannu a kundin bincikena ba sai ya ga ganyen da idonsa. In na dawo gida haka, shekara huɗu ta tafi a banza.

A ɗakin karatu na ga tsofaffin wasiƙun Turawan Ingila masu binciken tsirrai. A ambulan suke aika wa juna fure da ƙwaro, ta jirgin ruwa, kuma ya isa. Na daɗe zaune ina kallonsu.

Don Allah ki sake tsinko min, har da furen, ki ba duk ɗalibin da zai taho. Ki haɗo da hoton 'yata Husseina. An ce ta fara tafiya, ni kuwa ko ɗaukarta ban taɓa yi ba, don bayan na dawo nan daga hutu aka haife ta.

Allah ya ƙara girma.

Ɗanki,
Badamasi