Na Tafi a Yanke Yatsan

Rahma,

Na tarar kin koma barci, ban tashe ki ba. Na tafi asibitin Jega, maƙwabcinmu Umar Faruk ya ɗauke ni bisa babur.

Da asuba a masallaci Ladan ya matso yana daidaita sahu, ya haɗa ƙafarsa da tawa kamar kullum. Ƙaramin yatsan nan nawa mai ciwo ya taɓa, zafin sai da na ji shi har tsakar kaina. A zaune na ƙarasa salla, yara suna kallona. Ba a taɓa ganina haka ba.

Don haka na yarda. Likita ya ce gaɓa ɗaya ce ta ruɓe, ita kaɗai zai cire, ƙafar kuma za ta tsira in ban ƙara jinkiri ba. Ya ce in wurin ya warke zan shiga fadama kamar da.

Ki gaya wa ƙaninki Anas ya ba albasa ruwa, kada ya jira ni.

Abin da kika faɗa jiya kan yankan, har na daka miki tsawa, gaskiya ne. In na dawo ba sai kin maimaita ba.

Babanki, Gado