Umaru Ya Koyi Barci a Kebbe

Tambuwal, daren Talata, 9 ga Rajab

Kwana shida ke nan da Inna ta tafi Kebbe da Hajara da jaririnmu Umaru, bayan Baturen makaranta ya tarar ina gyangyaɗi a aji. Inna ta ce, "Malam, kai ka ɓata shi, da ya motsa sai ka ɗauka. Wankan ruwan ɗumi bayan lisha, a bar shi ya kwanta, shi ke nan."

Yau Baffa ya zo kasuwa daga Kebbe, ya ce yaron yana kai asuba bai farka ba. Na so in tambaya ko yana nemana, kunyar ɗan fari ta hana ni.

Shi ya koyi barci. Ni har yanzu tsakar dare nake tashi ina laluben shimfiɗarsa.