Yatsu Biyu a Dutsen Ƙanƙara

Ƙanena Badaru,

Assalamu alaikum. Ina Inna da ciwon gwiwarta? Ina Kaltume da yara? Da fatan dawar Zakirai ta shiga rumbu lafiya.

Ni lafiya lau, har yanzu ina nan ƙasar waje, a wurin shaƙatawar nan na kan dutse. Da zafi masu kekuna ke zuwa, da sanyi kuma masu zamiya a dusar ƙanƙara, wurin ba ya rufewa. Ni da na koyar da lissafi a sakandare, aikina yanzu zaunar da 'ya'yan masu hali a kujerun da waya ke ja zuwa sama.

Sai dai ƙafa ta ɗan dame ni. Ranar Juma'a na cire takalmi da safa na yi alwala a bayan rumfar injin da ke jan kujerun, kamar ina gindin rijiyarmu. Da ƙafar ta mutu saboda sanyi, sai na kara ta a jikin hita, na'urar ɗumama ɗaki, yadda muke jin ɗumi a gida. Ban ji tana ƙonewa ba. Yatsu biyu sun yi baƙi. Likita ta ce ranar Alhamis za ta duba, in ba su farfaɗo ba za a yanke.

Kada Inna ta ji. Ka ce mata na gaishe ta, ina ƙiba.

Ka je wurin Malam Mika'ilu yau, ka tambayo mini: in an yanke, dole ne in binne su? Ƙasar nan ta daskare, Badaru, ko diga ba ta shigarta.

Allah ya yi muku albarka.

Yayanka,
Abdulrashid